Kadafkara iri biyu masu kama ɗaya, ta ina ake raba su?

Ɗan_Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da damina. Don Allah masu sanin tsuntsaye ku taimaka min da wannan. Akwai wani fili a bayan gonarmu nan wajen Toro a jihar Bauchi, gamba da tofa ne suka cinye shi, to tunda ruwa ya zauna nake ganin wani tsuntsu da sassafe yana tsaye kan suri, dogon wuya siriri, dogayen ƙafafu, bayansa ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, amma daga ƙirji zuwa ƙasa baƙi ne wuluk, sannan akwai wani siririn baƙin layi da ya taso daga ƙirjin ya bi ta gaban wuya har maƙogwaro. Dattawan gari sunce min kadafkara ce, na yarda, sai dai da na ɗauki hotonsa da waya na saka a wata manhaja ta gane tsuntsaye sai ta bani suna har biyu, Lissotis melanogaster da Lissotis hartlaubii, na shiga intanet na jera hotunan biyun ina kallo wallahi ni dai banga inda suka rabu ba, wannan tumbinsa baƙi wancan ma baƙi, layin wuyan ma duk suna da shi, tsayin ma kusan ɗaya.

To tambayata itace ta ina ake gane wannan daga wancan, kuma duka biyun muna dasu a nan ƙasar ne? Sannan akwai wata da nake gani nesa kaɗan da shi wadda ita tumbinta fari ne, matarsa ce ko wani iri ne daban? Hoton bai fito sosai ba don na ja shi da yawa, ciyawa ta rufe rabin jikin. Nagode.

Mai_ƙirgan_tsuntsaye ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ina Jos, kusan maƙwabta muke, kuma fita ƙirgan tsuntsaye shine abin da nake yi in na samu sarari.

Kafin ma a zo maganar launin gashi, inda ka gan shi ya riga ya gama shari'ar. Tunda a Toro ne, melanogaster ce. Ita hartlaubii, wato ta Hartlaub, tsuntsuwar gabashin Afirka ce, gabashin Sudan, Sudan ta Kudu, Habasha, Somaliya, Uganda, Kenya da arewacin Tanzaniya, can take. Tamu kuwa ta bazu tun daga Senegal har Habasha ta gangara har Afirka ta Kudu, a nan gida ana ganinta a Yankari da Kainji da filayen nan na saman Filato, kuma da damina aka fi ganinta don lokacin ne namijin yake fitowa fili yana neman aure. Manhajojin nan hoto kawai suke kallo, in ba ka nuna musu garin da kake ba sai su kwaso maka duk abin da yayi kama ko daga ina yake.

Amma tambayarka tana nan da amfani, don a Kenya da Habasha da Sudan duka biyun suna nan, kuma ko waɗanda suka daɗe a harkar suna tsayawa su duba da kyau. Tumbin ka rabu da shi, shi ke ruɗa mutane, maza duka biyun baƙi ne, layin wuyan ma haka, tsayinsu kuma duk wajen santimita 60 ne. Baya zaka duba, daga ƙugu zuwa bindi. Namijin tamu ƙugunsa da bindinsa ruwan ƙasa ne, bindin da siraran zane baƙaƙe a kwance, launin bayan nan dai ya zarce har ƙarshe. Namijin ta Hartlaub kuwa ƙugu da bindi duk baƙi ne. In yana tsaye fukafukai na iya rufe wurin, amma da ya tashi sama shikenan, a nan ake raba gardama, don dukkansu zaka ga babban fari a fiffike amma ɗaya bayansa ruwan ƙasa ɗaya baƙi.

Sai fuska. Tamu fuskarta a dushe take, toka-toka da ɗan ruwan ƙasa, baƙin bai fito tar ba. Ta Hartlaub baƙi da farin fuskar a rabe suke sarai, kumatun fari tas, baƙin maƙogwaron yafi faɗi. Jikinta gaba ɗaya ma yafi karkata ga toka da baƙi, kuma ta fi tamu dirarren jiki, tamu ta fi tsawon wuya da ƙafa a ido, siririya ce.

Ni dai abin da na fi yarda da shi kuka ne, don hoto na iya yin duhu, rana na iya canza launi, amma kukan ba ya canzawa. Namijin tamu zai hau suri ko wani ɗan tudu ya miƙe wuya sama yayi wani ɗan gajeren fito mai shaƙewa, sai ya ja kansa baya da sauri ya kwantar kan kafaɗa, yayi shiru na 'yan daƙiƙu, wuyan na ɗagowa a hankali, can sai kaji ɓok, kamar an zare toshiyar gora. Gaɓa biyu kenan da shiru a tsakani. Na Hartlaub gaɓa uku yake yi, ɗan ƙas a hankali, sai ɓok, sai wani dogon gurnani ƙasa-ƙasa da yake fitowa daga kumburarren wuya. In kana da data ka shiga xeno-canto ka rubuta sunayen nan biyu, akwai kukansu da mutane suka naɗa, ka saurara sau ɗaya ba zaka ƙara haɗa su ba.

Mai farin tumbin da kake gani nesa da shi ina kyautata zaton matarsa ce, don a wannan irin namiji ne kaɗai ke da baƙin, ta macen ruwan ƙasa ce sama, ƙasa fari. Matan ne ma ainihin wahalar in ana maganar raba irin biyu. Ta macen tamu wuyanta launi ɗaya ne, ruwan ƙasa da wani zane ƙanana ƙanana da sai ka matso kake gani. Ta macen Hartlaub akwai layi mai haske ruwan madara da ya sauko ta gaban wuyanta, gefensa da ɗigo da zane manya, ƙugunta kuma ya fi duhu.

Wurin zama ma ya ɗan bambanta, tamu ta fi son doguwar ciyawa da inda ruwa ke sauka sosai, shi yasa filin gamban nan naku ya yi mata, waccan ta fi son fili mai ɗan bushewa da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Abin sha'awa kuma duka biyun daga yanki ɗaya Turawa suka fara rubuta su, Rüppell ya rubuta tamu a 1835 daga wajen tafkin Tana na Habasha, Heuglin ya rubuta ɗayar a 1863 daga ƙasar Sinnar a Sudan ya sa mata sunan Gustav Hartlaub, wani likita masanin tsuntsaye na birnin Bremen a Jamus.

Ɗan_Fadama ya rubuta:

Allahu akbar, Malama wallahi kukan nan da kika kwatanta shine, fito sannan shiru sannan ɓok, har nakan tsaya da fartanya a hannu ina jiran na biyun. Kuma akwai ranar da naga ya tashi sama yana kaɗa fiffike da ƙarfi farin nan yana walƙiya, sai ya ɗaga fukafukan sama ya riƙe su a haka ya sauko a hankali ya ɓace cikin gamba, shima na neman auren ne? Allah ya ƙara ilimi.

Baƙon_Gadarif ya rubuta:

Salam ya jama'a. Sinnar ɗin da Malama ta ambata ƙasarmu ce, ni a wajen Mai Wurno na tashi a bakin Shuɗin Nilu, kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, daga baya na yi shekaru ina aikin tarakta a gonakin dawa da riɗi na Gadarif, to tsuntsayen nan biyu na san su ido da ido, Larabawanmu duk hubara suke ce musu.

Abin da zan ƙara shine maganar bindin gaskiya ce amma a ƙasa da wuya ka gan shi, don tsuntsun nan baya baka baya, ko dai ya tsaya ya fuskance ka ko ya duƙe ya sulale cikin ciyawa, sai kaga kan kawai yana tafiya. Mu da muke saman tarakta mu muke ganin bayan da kyau, don ba ya tsoron inji yadda yake tsoron mutum a ƙafa, sai ka kusa taka shi zai tashi, kuma daga sama kake kallonsa. Na Hartlaub ɗin in ya tashi a gabanka baƙin bindin ya haɗe da baƙin tumbin, sai kaga rabin tsuntsun na baya duk baƙi, fukafukai fari, sai ɗan tokan da ke tsakiyar baya. Ɗayan kuwa ruwan ƙasan nan zaka gani ya tafi har ƙarshen bindi. Wanda ya gani sau ɗaya daga sama ba sai an ƙara masa bayani ba.

A filayen baƙar laka inda ciyawa bata wuce gwiwa ba da itatuwan dushe nan da can, mai baƙin bindin muka fi gani, in ka gangara kudu wajen Dindir inda ciyawa ke shanye mutum sai ka fi jin mai ɓok ɗin nan. Amma kada wani ya ɗauka akwai iyaka tsakaninsu, a shekarar da ruwa yayi yawa ciyawa ta tashi zaka iya jin wannan a gabas da kai wancan a yamma a safiya ɗaya. Gurnanin na Hartlaub baya da ƙarfi, in inji na aiki ba zaka ji ba sam, sai da asuba kafin a tada tarakta, wuyan nan ya cika da iska baƙin layin ya buɗe yayi faɗi.

Matan kam ni ban taɓa iya rantsuwa a kansu daga nesa ba, in naga mace ni namijin da ke kusa nake nema. Tunda yaƙin nan ya ɓarke a 2023 ban sake taka wajen ba, Allah ya kawo mana zaman lafiya, ina kewar filayen nan ƙwarai.

Tsohon_maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini zancen ga naku, ni ko na ce ya rubuta mini nawa. Ni mutumen ƙasar Dakoro ne nan Nijar, na yi farauta tun ina saurayi, yanzu ƙafa ta ƙiya.

Yaro, kai da ka yi tambaya, in kana son ka san kadafkara ko tuje ya bi wuri, sawu za ka duba ga ƙasa bayan an yi ruwa. Yatsu ukku ne duk suna kallon gaba, babu na baya ko alama, zabo da fakara kuwa in ƙasa ta yi laushi za ka ga ɗan tabon yatsan baya. Shi ya sa ba ka taɓa ganin su bisa icce, ba su da abin kama reshe, ƙasa suke kwana ƙasa suke yini, wankansu ma birgima ce cikin turɓaya. Kuma in ta gane ka ganta ba gudu take ba, lafewa take ta miƙe wuya bisa ƙasa, kana iya wucewa taki biyar da ita ba ka sani ba.

To amma ina da magana ga Malama. Nan wajenmu mai baƙin tumbin da munka sani ƙarama ce, ba ta kai wadda kuke faɗi ba, cikin sabara da geza take zama ba cikin doguwar ciyawa ba, kuma ita macen ma ƙasan cikinta baƙi ne, kukanta fito ne a jere tun hantsi har rana ta take, kana ji ba ka san ta inda yake fitowa ba. Sannan akwai mai farin tumbi mai shuɗin wuya, su ba su tafiya ɗai-ɗai, biyu ko ukku za ka gani, safe da maraice suna ta kwarmato ana jin su nesa. Waɗannan su ma cikin biyun da kuke zance suke ko ko daban ne?

Abin da ke damuna dai tuje. Da muna samari in ka fita dajin arewa wajen Gadabeji da wuya ka dawo ba ka tada tuje ba, babba, wani sai ka saɓa shi ga kafaɗa ka ji nauyi. Mu da bindigar toka da tarko ɗaya muke samu a raba gida-gida. Da motoci sunka shigo daji da manyan bindigogi, da baƙi masu zuwa da shaho daga ƙasashen Larabawa, da gonaki da sunka ci daji, yanzu yaron da aka haifa shekarun ga sai dai ya ji suna. Ku da kuke da boko ku riƙa rubutawa ana sani.

Ɗan_Fadama ya rubuta:

Baba mun gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, gobe in Allah ya kaimu zan duba sawun. Malama ga wata sabuwa kuma, yara masu yankan ciyawa sun ce sunga ƙwai biyu a ƙasa cikin filin, launin ganye-ganye da tabo masu duhu, ba sheƙa ba komai, suna so su ɗauko a sa wa kaza ta kwanta yadda ake yi da ƙwan zabi, na dai ce su dakata tukuna.

Mai_ƙirgan_tsuntsaye ta rubuta:

Baba sannunku da ƙoƙari, bayanin sawun nan naku ko a littafi iyakar abin da za a faɗa kenan, duk dangin nan nasu yatsu uku ne. Biyun da kuka kawo daban ne, ba sa cikin waɗanda muke magana. Ƙaramar mai fito a jere ita ce Lophotis savilei, ta Sahel ce, tsayinta wajen santimita 42, kuma yadda kuka faɗa ne, mace da namiji duk ƙasan cikinsu baƙi. Na ji daɗi da kuka kawo ta, don a ƙasar Hausa in za a yi ruɗani ita ce za a haɗa da melanogaster ba ta Hartlaub ba, musamman a Katsina da Jigawa da Yobe da Maraɗi da Damagaram inda tamu kan hauro arewa in ruwa ya sauka. Mai raba su girma ne da tsawon wuya da kuma kukan. Mai shuɗin wuyan kuma Eupodotis senegalensis ce, gindin bakinta ja-ja ne, kuma Malam ka lura da wannan, in mai farin tumbin da kake gani wuyanta ruwan ƙasa ne zalla kuma ita kaɗai take yawo a shiru to matar tsuntsun naka ce, in kuwa kaga shuɗi-shuɗi a wuya suna tafe su biyu su uku suna surutu to wannan ce.

Maganar tuje kuwa Baba gaskiya kuka faɗa kuma abin na ci min rai. Kadafkarun nan biyu da aka buɗe zancen da su har yanzu ba a sa su cikin masu fuskantar barazana a jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ba, amma manyan, tujen Denham da tujen Larabawa, duka an sa su a sahun waɗanda suka kusa shiga haɗari. Shi Denham ɗin ma Baturen nan ne da ya iso Kukawa wajen Shehun Borno a 1823 tare da Clapperton, sunansa aka sa wa tsuntsun. Dalilin da yasa suke saurin ƙarewa shine basa haihuwa da yawa, zabuwa zata zuba ƙwai fiye da goma, su kuwa ɗaya ne ko biyu, a ƙasa tsirara, ga shanu ga karnuka ga wutar daji ga maganin feshi da ke kashe fara da buzuzu da tsutsar da suke ci. A Nijar gandun Termit da Tin Tuma da aka kafa a 2012 yana cikin wuraren da suka rage musu.

Malam Ɗan_Fadama, tashin nan da saukowa da fukafukai a ɗage eh na neman aure ne, yana nuna farin ne don mata su hango shi daga nesa, wasu mazan kuma su san filin da mai shi. Ƙwan kuma yadda yaran suka kwatanta ya yi daidai da nata, don Allah kar a ɗauka. Ba irin ƙwan zabi bane, ɗan zabo da ya fito zai bi kaza yana tsattsaga da kansa, su kuwa 'ya'yan kadafkara kwanakin farko uwar ce ke kamo ƙwari tana miƙa musu baki da baki, kaza bata san wannan ba, ko sun ƙyanƙyashe yunwa ce zata kashe su, an yi asarar ƙwan kenan ba a samu tsuntsun ba. Kuma namijin baya taya ta komai, ita kaɗai ke kwanci ita kaɗai ke reno, in aka yawaita tada ta daga kan ƙwan rana ta dake su ko hankaka ya gani shikenan.

Ka roƙi yaran su bar yankan ciyawa a wannan kusurwar, su bar mata kamar taki talatin ta kowane gefe, kar kuma a kafa sanda ko a ɗaura leda a wajen don alama, hankaki na lura da irin wannan. 'Yan makonni ne, da sun ƙyanƙyashe zata janye su cikin gamba su bar wurin. In kuma kana da hali ka sa ganin naka a manhajar rubuta ganin tsuntsaye ta eBird ko BirdLasser da kwanan wata da sunan wurin, masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya na cibiyar APLORI da ke nan Laminga kusa da Jos suna neman irin wannan, musamman shaidar ƙwai, don ita ce ke nuna tsuntsun yana haihuwa a wurin ba wucewa kawai yake ba. Sai dai kar ka sa ainihin inda ƙwan yake a Facebook ko a guruf, sunan ƙauyen ya isa.